Kafin ka biya kuɗin laftof, tafi da filashinka

Duk wanda ya taɓa rataya jakar kwamfuta tun safe har yamma ya san kilo ɗaya da kilo biyu ba ɗaya ba ne. Shi ya sa mai saye yake fara ɗaga laftof ya ji nauyinta. Amma in Linux zai ɗora mata, abin dubawa yana can ciki, inda hannu ba ya ji.

Linux, manhajar tafiyar da kwamfuta wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, kyauta ce, kowa yana iya duba yadda aka rubuta ta ya gyara. Sai dai yawancin masu ƙera kwamfuta Windows ce a ransu. Kowane ɓangare na na'urar yana bukatar 'yar manhajar da za ta tuƙa shi, wadda ake kira direba, kuma a nan gizo ke saƙa. Wi-Fi ƙirar Intel yawanci nan take yake kamawa. Na Broadcom kuwa yakan bar ka kana neman direba, alhali intanet ɗin da za ka sauko da ita ce ta ƙi. Katin hoto na Nvidia ma yana da nasa rigimar. MacBook mai M1 kuma, duk da ƙoƙarin masu aikin Asahi Linux na ɗora mata Linux, ban ba sabon shiga shawarar ta ba.

Da hujja masu Linux suke yabon ThinkPad. ThinkPad X1 Carbon nauyinta wajen kilo ɗaya ne, kuma da wuya ta ba da ciwon kai. Dell ma ta daɗe tana sayar da XPS 13 da Ubuntu, wani nau'in Linux, a cikinta. Amma sirantarsu tana da farashi: RAM ɗinsu a manne yake, ba a ƙarawa. Kada ka sayi ƙasa da giga 8, in da hali 16.

Ta hannu ma ba laifi. Tun Oktoban 2025 Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na gama-gari, tsofaffin kwamfutocin da Windows 11 ta ƙi kuwa suna gudu lafiya da Linux Mint. Batirin dai za ka bincika, musamman inda wuta ba ta da tabbas.

Ka ɗora Ubuntu ko Mint a filashi, ka roƙi mai shago ya bari ka tada kwamfutar daga shi. Ba ya taɓa abin da ke cikinta. Gwada Wi-Fi, sauti da kyamara, sannan ka rufe murfin ka buɗe, ka ga ko za ta farka.