Haƙƙin Majiyyaci a Asibitin Gwamnati

Duk wanda ya taɓa kwana a asibitin gwamnati a ƙasar Hausa ya san cewa ba a kwantar da majiyyaci shi kaɗai. Tare da shi akwai mai jinya, watau ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ke shimfiɗa tabarma a gefen gado. Mai jinya shi ke yankan kati, shi ke sayo magani da allura, shi ke neman wanda zai ba da jini, shi ne kuma ke tsayawa gaban likita ya yi magana a madadin wanda ciwo ya hana shi magana. Ashe kuwa tun kafin a rubuta wata doka, al'ada ta riga ta ba majiyyaci wakili. Abin dubawa shi ne, wane haƙƙi ne wannan wakili zai nema, kuma me ke hana shi samu.

Tsarin kiwon lafiya a Nijeriya hawa uku ne. Gwamnatin Tarayya ke riƙe da asibitocin koyarwa, gwamnatocin jihohi ke kula da manyan asibitoci, ƙananan hukumomi kuwa nasu ne ɗakunan shan magani da ƙananan asibitocin karkara. Da tsarin yana tafiya yadda aka nufa, da mai zazzaɓi ya sami biyan bukata a unguwarsu. Amma da yake hawa na ƙasa shi ne mafi rauni, sai jama'a su yi ta tururuwa zuwa manyan asibitoci, likita ɗaya ya duba mutane masu ɗimbin yawa kafin azahar. Likitan da ke cikin wannan hali ba shi da sukunin yin dogon bayani, majiyyaci kuma yakan fito da takardar magani a hannu ba tare da ya san sunan cutarsa ba.

Matsala ta biyu kuɗi ne. A shekarar 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu domin kiwon lafiya. Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika wannan alkawari ba. Saboda haka fiye da kashi biyu cikin uku na abin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun majiyyata da danginsu yake fitowa. Mutumin da ya sayar da akuyarsa kafin ya sayi magani ba ya ganin kansa mai haƙƙi, ganin kansa yake yi mai roƙon alfarma, mai roƙo kuwa ba ya ɗaga murya.

Tarihi ya nuna irin abin da ke aukuwa idan aka yi sakaci da yardar majiyyaci. A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta ɓarke a Arewa, ta kashe dubban mutane. A cikin wannan hali kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Kano, a kan yara wajen 200, inda aka ba kimanin rabinsu sabon maganin, sauran kuma aka ba su wani sananne. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin kuwa ya ce ya sami yardarsu da baki, kuma cutar ce ta kashe yaran. Aka yi ta shari'a har shekarar 2009, sa'ad da aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Ɓarnar ba ta tsaya a nan ba, domin lokacin da aka dakatar da allurar rigakafin shan-inna a Kano a 2003, wannan labari yana cikin abubuwan da mutane suka riƙa kafa hujja da su. Amana idan ta zube, kwashe ta sai an sha wuya.

Daga baya doka ta fara magana. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar wanda ke bukatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, ta kuma yanka tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun, ga wanda ya saɓa. Ta wajabta a gaya wa majiyyaci halin da lafiyarsa ke ciki, da hanyoyin magani da ke akwai, da amfani da haɗarin kowace, da kuma ikonsa na ƙin yarda. In da hali a yi masa bayanin cikin harshen da yake ji. Ta umarci a rufa asirinsa, ta kuma ba shi damar kai ƙara. A 2017 aka ƙara da dokar da ta tilasta karɓar wanda aka harba da bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. A 2018 kuma aka ƙaddamar da takardar haƙƙoƙin majiyyaci guda 12, wadda Hukumar Kare Masu Sayayya ta shirya tare da Ma'aikatar Lafiya.

To, amma doka a takarda daban, doka a ɗakin haihuwa da tsakar dare daban. Yawancin majiyyata ba su san da ita ba, domin da Turanci aka rubuta ta. Ga kuma kunya, wadda ke hana mace bayyana ciwonta ga likita namiji, ko ta sa ta jira izinin maigidan da ya yi tafiya alhali jini na zuba. Ga ɗabi'ar jingina kowane kuskure ga ƙaddara, ko da yake yarda da ƙaddara bai taɓa hana a tambayi wanda aka ba amana ba. Ga tsoron cewa wanda ya yi ƙorafi yau, gobe ba za a dubi ɗansa da idon rahama ba.

Wajibi ne kuma a yi wa ma'aikata adalci. Nas da ke duba ɗaki guda ita kaɗai, babu wuta, babu safar hannu, albashi kuma ya makara, ita ma abin tausayi ce. Wannan hali ne ke haddasa yajin aiki, shi ne kuma ke kora likitoci zuwa Ingila da Saudiyya. Neman haƙƙin majiyyaci ba faɗa ba ne da likita. Sau da yawa bukatarsu ɗaya ce.

Aikin gyara ya rataya ne a wuyan waɗanda suka yi karatu. Ɗalibi na iya fassara wa mai jinya abin da likita ya faɗa, ya koya masa tambayoyi uku: mece ce cutar, mene ne maganin, me zai biyo baya in an ƙi. Ma'aikacin gwamnati na iya tabbatar da cewa an liƙa haƙƙoƙin nan da Hausa da ajami a ƙofar kowane asibiti, an kuma sa wanda zai karɓi ƙara ya ba da amsa a rubuce. Inda aka yi zargin sakaci mai tsanani, akwai Majalisar Likitoci ta Ƙasa, wadda ke da ikon hukunta likita har ta soke sunansa daga rajista. Ranar da mai jinya ya san waɗannan ƙofofi, ranar ce zai daina roƙon abin da doka ta riga ta mallaka wa majiyyacinsa.