Takalmin Gyaran Ƙafa Ba Na Ajiya Ba Ne

A cikin jarirai dubu, kusan ɗaya ne ake haifa da murɗaɗɗiyar ƙafa, tafin ya juya ciki. Abu ne mai gyaruwa. Hanyar da Dokta Ignacio Ponseti na Jami'ar Iowa a Amurka ya fito da ita, wadda ake bi a asibitocin ƙashi irin na Dala a Kano, ba ta buƙatar babbar tiyata. Ana miƙar da ƙafar sannu a hankali, a ɗaure ta da siminti, a riƙa canzawa duk mako kamar sau 5 zuwa 8, galibi a ɗan tsaga agara.

Daga nan aiki ya koma hannun iyaye, kuma a nan ake ɓarin. Za a ba yaro takalma biyu haɗe da sandar ƙarfe, ya sa awa 23 a rana har wata uku, sannan ya riƙa kwana da su har ya kai shekara huɗu zuwa biyar. Amma da an ga ƙafa ta miƙe, shi ke nan. Yaro ya yi kuka daren farko, kaka ta ce, "Ke, cire masa ƙarfen nan, mugunta ce." Uwa ta kasa musa wa surukarta, takalmi ya koma ƙarƙashin gado. Bayan 'yan watanni ƙafa ta sake murɗewa, a ce asibiti ba su iya ba, a nufi wajen mai ɗori. Ɗorin me, alhali babu karaya?

Haba jama'a! Likita na ganin yaron nan minti kaɗan ne, ku kuke kwana da shi. In kun daina sa takalmin, ku faɗa masa gaskiya, kada ku ce "muna sawa" don kunya. In dunduniya ta yi ja ko ta saɓule, a koma asibiti a gyara ɗaurin, ba a jefar da takalmin ba.

Su ma ma'aikata su rage Turanci da sauri, su bar uwa ta ɗaura takalmin da hannunta a gabansu.

Maigida kuwa, biyan kuɗin mota bai wadatar ba. Ka je da kanka, in da hali ka tafi da Hajiya, kakar yaron, ta ji bayani daga bakin likita, tunda maganarta ce ke cire takalmin da daddare.