3.3 Matsayin Dikwamfaila Wajen Fahimtar Manhajar da Babu Rubutunta na Asali

Kamar yadda aka nuna a baya, akasarin manhajojin kwamfuta suna da siga biyu. Ta farko ita ce rubutun asali, wato umarnin da marubucin manhaja ke tsarawa a harshe irin su C ko Pascal, wanda ɗan Adam zai iya karantawa. Ta biyu kuwa ita ce harshen na'ura, wanda jerin sifiri da ɗaya ne kawai. Kwamfaila ita ce ke yin tafinta daga siga ta farko zuwa ta biyu, kuma galibi ta biyun ce ke isa hannun jama'a. A wannan sashe za a duba yadda ake gane aikin manhaja idan rubutun asalinta ya ɓace, ko mai shi ya ƙi bayarwa.

Dikwamfaila manhaja ce da ke bin sawun kwamfaila ta baya, ta ɗauki harshen na'ura ta mayar da shi rubutun da ake iya karantawa. Daga cikin ayyukan da suka aza harsashin wannan fanni akwai kundin digiri na uku na Cristina Cifuentes, wanda ta gabatar a Jami'ar Fasaha ta Queensland da ke Ostareliya a shekarar 1994. Ta ƙirƙiro dikwamfailar da ake kira dcc, mai mayar da manhajojin na'urar Intel 80286 zuwa harshen C. Aikin yana bin matakai uku. Da farko a karanta lambobin a rarrabe su zuwa umarni ɗaya-ɗaya. Na biyu a bi diddigin yadda bayanai ke kai-kawo, da inda umarni ke rabuwa ko maimaituwa. Na uku a fitar da sakamakon a harshen da aka zaɓa.

Abin lura a nan shi ne, rubutun da dikwamfaila ke fitarwa ba shi ne rubutun asali ba. Yayin tafinta, kwamfaila takan zubar da bayanan da marubuci ya saka don tunatarwa, da akasarin sunayen da ya laƙaba wa adadi da ayyuka. Alal misali, inda marubuci ya rubuta "albashi" ko "haraji", dikwamfaila sai ta nuna v1 ko v2. Bugu da ƙari, kwamfaila takan sauya tsarin umarni domin ƙara sauri, har tsarin ya yi nisa da yadda aka rubuta shi. Wahalar ta fi sauƙi a harshen Java, domin fayilolinsa suna riƙe sunayen ayyuka. Shi ya sa dikwamfailar Mocha ta tayar da hankalin masu sayar da manhaja a 1996.

Duk da wannan naƙasu, amfanin hanyar ya fito fili a fagen tsaro, tun da mai ƙera muguwar manhaja ba ya sakin rubutunsa. A shekarar 2010 masana sun shafe watanni suna warware Stuxnet daga harshen na'ura, kafin su gano cewa an ƙera ta ne don ta dagula na'urorin Siemens masu sarrafa injinan tace yuraniyom, irin waɗanda ke Natanz a Iran. A 2019 Hukumar Tsaron Ƙasa ta Amurka ta saki Ghidra kyauta, wanda hakan ya sa ɗalibai ma suka sami kayan aikin da a da sai da kuɗi mai yawa.

Ta fuskar doka kuwa, a 1991 Tarayyar Turai, wadda a lokacin ake kira Ƙungiyar Ƙasashen Turai, ta halatta warware manhaja idan manufar ita ce a sa ta yi aiki tare da wata. Haka nan a 1992 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta goyi bayan kamfanin Accolade a shari'arsa da Sega a kan irin wannan dalili.

A taƙaice ke nan, dikwamfaila tana iya bayyana abin da manhaja take yi, amma ba ta bayyana dalilin da ya sa aka rubuta ta haka. Cike wannan giɓi ya rataya ne a wuyan manazarci, wanda dole ya gwada kowane hasashe kafin ya tabbatar da shi. Sashe na gaba zai duba hanyoyin da ake bi wajen yin wannan gwaji.