Kafin a buɗe wa jama'a shafin intanet, a gwada shi da rezo maras ƙarfi

Idan an gama ginin gada, ba a buɗe ta ga matafiya sai an jera manyan motoci shaƙe da kaya a bisanta, injiniyoyi sun auna yadda ta jure. Haka ma ake yi wa shafin intanet da za a buɗe wa jama'a, ko na biyan haraji ne, ko na rajistar ɗalibai, ko na duba sakamakon jarrabawa. Ana sa kwamfuta ta kwaikwayi dubban mutane masu shiga shafin a lokaci guda, a ga ko zai tsaya ko zai durƙushe. Wannan shi ake kira gwajin ɗaukar kaya.

Sakaci da wannan gwaji yana da tsada. Ranar 1 ga Oktoba 2013 gwamnatin Amurka ta buɗe shafin HealthCare.gov domin ƴan ƙasa su yi rajistar inshorar lafiya. Jama'a suka yi cincirindo, shafin ya kasa, har takardun ma'aikatan suka nuna mutum 6 kaɗai suka kammala rajista a ranar farko. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa ba a gwada tsarin gaba ɗayansa ba sai dab da ranar buɗewa. Hausawa dai sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma ko an yi gwajin, akwai wani tarko da ake yawan faɗawa. Galibi kwamfutar gwaji tana ɗaki ɗaya, ko gari ɗaya, da babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin, wadda ma'aikata ke kira saba, kuma layin da ke tsakaninsu mai gudu ne ƙwarai. Mutanen da aka yi shafin dominsu kuwa, da yawansu wayar salula ce a hannunsu, a wuraren da rezo ke zuwa yana ɗaukewa.

Mai jinkiri ya fi daɗewa kan kujera

A ɗauki misalin ma'aikacin gidan waya mai biyan kuɗi ta taga. Idan kowane mutum minti ɗaya yake ɗauka, benci guda ya ishi masu jira. Idan kowa sai ya yi minti 20 kafin ya gama, ɗakin zai cika ya batse, alhali yawan masu zuwa bai ƙaru ba. Wani masanin lissafi ɗan Amurka, John Little, ya tabbatar da wannan ƙa'ida a shekarar 1961: yawan waɗanda ke ciki daidai yake da yawan masu isowa a kowane lokaci, sau tsawon zaman da kowa yake yi.

Ga lissafin a kan saba. A ce buƙatu 100 ke isowa a kowane sakan. Idan layi mai gudu ne, kowace buƙata ta ƙare cikin kashi ɗaya bisa biyar na sakan, saba tana hidimar buƙatu 20 ne kawai a lokaci guda. Idan rezo ya yi rauni har kowace buƙata ta ɗauki sakan 10, sai ga buƙatu 1000 a buɗe gaba ɗaya. To, manhajar Apache, wadda ke tafiyar da saba masu yawa a duniya, a wani tsohon tsarinta kujera 256 take tanada idan ba a sauya ba. Ke nan shafin da ya ci gwaji a ofis yana iya faɗuwa a hannun mutanen karkara, ba don sun fi yawa ba, sai don kowannensu ya fi daɗewa.

Maɓarnata ma sun gane wannan. A shekarar 2009 Robert Hansen, masanin tsaron intanet, ya fitar da wata ƴar manhaja mai suna Slowloris, wadda ke buɗe layuka da yawa tana aika saƙo kaɗan-kaɗan da gangan, har kujerun saba su ƙare. Kwamfuta guda tana iya tsayar da shafi ta haka. Abin da mugu ke yi da niyya, rezo maras ƙarfi yana yin irinsa ba da niyya ba.

Cututtuka uku na layi

Masu gwaji suna rarrabe abubuwa uku. Na farko ƙuncin hanya, wato yawan bayanin da layi ke iya wucewa da shi a sakan ɗaya. Shafi mai nauyin megabait 2 ba ya kai sakan ɗaya a kan layin fiba, amma a kan rezon 2G mai ba da kilobit 100 a sakan, sai ya ci sakan 160, kusan minti uku.

Na biyu jinkirin kai da komo. Tauraron ɗan'adam irin wanda ke tsaye a wuri ɗaya a sama yana nisan kilomita 35,786, saboda haka tambaya da amsarta suna cin fiye da rabin sakan. Kafin waya da saba su gaisa, su ƙulla sirri, su soma magana, sai an yi kai da komo uku ko huɗu. Sakan biyu sun tafi ke nan, harafi ɗaya bai fito ba.

Na uku ɓatan saƙo a hanya. Bayani yana tafiya ne gunduwa-gunduwa. Idan wata gunduwa ta ɓace, sai an sake aiko ta, kuma mai aikowa yana rage gudu don yana zaton hanya ce ta cushe. Mutum kuma idan ya gaji da jira yakan sake dannawa, ya ƙara wa saba kaya.

Yadda ake rage gudun layi da gangan

Kayan aikin suna nan, kuma yawancinsu kyauta ne. A cikin tsarin Linux akwai netem, wanda ake umarta ya jinkirta kowace gunduwa, ko ya zubar da kashi kaza cikin ɗari. Manhajar JMeter, mai kwaikwayon taron jama'a, ana iya ƙayyade mata yawan haruffan da kowane baƙon ƙarya zai karɓa a sakan. Chrome ma yana da wurin rage gudu, sai dai wannan yana nuna abin da mutum ɗaya zai gani ne kawai, ba ya auna wahalar saba. Gwaji nagari yana gauraya baƙin: wasu a kan fiba, wasu a kan 4G, wasu a kan 2G mai yankewa, gwargwadon yadda masu amfani da shafin suke a zahiri.

Kamfanin Facebook ya bi wannan hanya a shekarar 2015. A watan Maris ya saki kayan gwajinsa na kwaikwayon rezo maras ƙarfi ga kowa, a watan Yuni ya fitar da Facebook Lite wanda bai kai megabait ɗaya ba, a watan Oktoba kuma ya soma gayyatar ma'aikatansa su yi awa ɗaya kowace Talata a kan gudun 2G. Gani ya kori ji.

Idan gwaji ya nuna rauni, maganin sananne ne: a rage nauyin hotuna, a sa wata saba a gaba, kamar Nginx, ta karɓi amsa nan take ta riƙa miƙa wa mai jinkiri a hankali, a kuma tsara shafin yadda wanda layi ya yanke masa zai ci gaba daga inda ya tsaya.

Saboda haka jami'in da zai karɓi shafi daga hannun ɗan kwangila yana da tambayoyi uku kafin ya sa hannu: mutum nawa aka kwaikwaya, a kan wane irin layi, kuma minti nawa mai 2G ya yi kafin ya gama cika takarda? Idan amsar ita ce a ofis kawai aka gwada, aikin bai kammala ba, domin manomin da ke neman takardarsa daga ƙauye haƙƙinsa ɗaya da na mazaunin Yamai.