Koren Haske Mai Nuna wa Likita Ciwon Dajin Ƙoda

A Matamaye da ƙauyukan Kance, in mutum ya ga jini cikin fitsarinsa sai a ce tsargiya ce. Sau da yawa haka ɗin ne. Amma ga wanda ya manyanta, wani lokaci jinin nan alama ce ta ciwon daji a ƙoda, balle in ya zo da ciwon kwiɓi ko ƙullutu a gefen ciki.

Babban maganin wannan cuta shi ne fiɗa. Likita yakan cire ƙodar gaba ɗaya, ko kuwa ya yanke wurin da ya kamu ya bar sauran. A shekarar 1990, a birnin Sen Luwis na Amurka, likita Ralph Clayman da abokan aikinsa suka fara cire ƙoda ba tare da tsaga ciki ba. Ƙananan huda suka yi, suka zura madubin ɗaukar hoto da siraran kayan aiki. Mai jinya yakan warke da wuri, tabo kuma kaɗan ne.

Sai dai cutar takan komo, wani lokaci bayan shekaru. In ta komo cikin ragowar ƙodar, gano ta yana da wuya, domin tabon aikin farko ya cakuɗe da kitse da nama, likita kuwa ba ya iya shafawa da yatsa ta cikin huda.

Nan ne wani koren rini mai suna ICG ya yi rana. Tun 1959 aka yarda da shi a Amurka, ana auna aikin zuciya da na hanta da shi. Ana yin allurarsa a jijiya, jini ya kai shi ƙoda nan da nan. Sa'an nan a haska wurin da wani haske wanda idon mutum ba ya gani. Naman ƙoda mai lafiya sai ya yi kore shar a allo, ƙarin kuwa galibi ya zauna duhu-duhu. Da haka likita yake ganin iyakar da zai yanka, ya tsirar da abin da ya rage. Daga baya hanta ta fitar da rinin ta matsarmama.

Dabarar tana da iyaka. Hasken ba ya ratsa nama fiye da kamar santimita ɗaya, saboda haka dole hoton sikanar ya fara nuna inda za a nema.

Ke nan rini ba ya amfanar wanda bai koma asibiti ba. Duk wanda aka yi wa aikin ƙoda, ya kiyaye ranakun da likita ya sa masa, ko da yana jin garau. Mai ganin jini a fitsari kuma ya nufi asibitin Matamaye, inda in bukata ta kama za a tura shi Babban Asibitin Damagaram. Ma'aikatan lafiya da malaman yaƙi da jahilci su isar da wannan saƙo har ƙauye.