Ruwa Tukuna, Sa'an Nan Mai

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa tsakiyar Maris, wanda ya bi hanyar Kano zuwa Daura ya tsaya a Ɗambatta zai ga hunturu a fuskokin mutane tun bai ji shi a jikinsa ba. Yara sun yi furu-furu kamar an barbaɗa musu toka, leɓuna sun tsattsage, wani ma in ya yi dariya sai jini. Masu noman rani da suke sammako zuwa bakin madatsar ruwa ta Tomas, da mata masu sussuka a fili, su suka fi shan wahalar. Kukan da ake yawan ji a taron Zumuntar Mata kuwa ɗaya ne: an shafa mai da dare, an kashe kuɗi, amma gari na wayewa fuska ta koma kamar ƙirgi.

To, laifin ba na man ba ne kullum. Sau da yawa yadda aka shafa shi ne.

Bari mu fara da iskar. Tana busowa daga arewa maso gabas, ta ratsa hamadar Sahara inda babu ruwan da za ta ɗauko, ƙurar da take kawowa kuma yawancinta daga kwarin Bodele ne, cikin ƙasar Cadi. A watan Janairu da rana, laimar da ke cikin iskar ƙasar Kano takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Uwargida ta san wannan ba tare da ma'auni ba, gama zanen da ta shanya da hantsi ya bushe ƙayau kafin ta gama dama fura. Abin da iska ta yi wa zanen nan, shi take yi wa fuska.

Fatar da ke can sama, wadda muke taɓawa, ba ta kai kaurin takarda ba. An jera ta kamar ginin tubali, da wani irin kitse a tsakani maimakon laka. Ruwa yana tasowa daga cikin jiki yana ratsa ginin nan yana tafiya cikin iska dare da rana, ko mutum bai yi gumi ba. In lakar tana nan daram, kaɗan ne ke fita. In sabulu mai ƙarfi da ruwan zafi sun wanke ta, sai ginin ya buɗe, ruwa ya tsere, fata ta ɗaure, ta fara ƙaiƙayi, ta tsage. Masu binciken fata sun gane cewa ruwan nan ya fi fita da yamma da dare, maiƙon da fatar take yi da kanta kuma ya fi ƙaranci a lokacin. Ga shi kuma dare ne kaɗai lokacin da fuska take samun awa 7 ko 8 ba rana, ba ƙurar hanya, ba mai wanke ta. Saboda haka abin da aka yi kafin a kwanta ya fi na safe muhimmanci.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, mai ba ruwa ba ne, murfi ne. Wanda ya rufe tulun da ya kusa ƙarewa, da safe ɗan abin da ya bari zai tarar. A cika tulun tukuna, sa'an nan a rufe.

Ga yadda za a yi. Bayan addu'ar dare, a wanke fuska da ruwa mai ɗumi kaɗan, irin wanda za a iya yi wa jariri wanka da shi. Na san cikin sanyin nan rai yana son ruwa mai tururi, amma shi ne babban mai kwashe maiƙon fata. Kada a sa soso, kada a sa sabulun wanki ko garin sabulu a fuska. Sabulun salo ma, duk da amfaninsa, yana da kaifi ga busasshiyar fuska. Wadda ba ta shafa hoda ko kwalliya ba, ruwa zalla ya ishe ta cire ƙura. Sa'an nan kada a goge da tawul har ta bushe. A ɗan dadanna kawai, a bar fuskar da danshinta, a shafa man nan take, tun ba a je an rufe kaji ko an duba ƙofa ba. Minti biyar a iskar hunturu sun isa danshin ya tafi. Ba a bukatar mai da yawa. Kamar ƙwayar gyaɗa guda, a murza a tafin hannu ya narke, a bi kumatu da goshi da gefen hanci da leɓe.

Wane mai? Man kaɗanya, wanda iyayenmu suka sani, yana da kyau ƙwarai, in dai mai tsabta ne, bai yi warin tsufa ba. Basilin fari marar turare shi ya fi kowane mai iya tare ruwa, ga araha, kuma da wuya ya yi wa fata illa. Wani Ba'amurke mai suna Robert Chesebrough ne ya fito da shi, bayan ya ga ma'aikatan rijiyoyin man fetur na Fensilbaniya a 1859 suna shafa wani danƙo a ƙuna da rauni. Ya tace shi, ya yi masa rajista a 1872. Wanda ya sami gilisarin a kemis, to, aikinsa dabam ne: shi yana jawo ruwa ya riƙe. Kada a shafa shi tsurarsa. A ɗiga ɗigo biyu a jiƙaƙƙen tafin hannu, a shafa, a bi da man kaɗanya ko basilin a kai. Samari da 'yan mata masu ƙurajen fuska su rage hannu, su shafa a wurin da ya bushe kaɗai. Leɓe kuwa, a hana yara lasarsa, gama yau yana bushewa ya bar shi ya fi dā tsagewa.

Game da jarirai akwai abu biyu. Jaririn da fatarsa ta yi ja tana saɓa, kada a shafa masa man gyaɗa, domin likitoci sun lura yin haka yakan sa jikin wasu yara ya ƙi gyaɗa daga baya. Man zafi kuma, irin wanda manya suke shafawa don mura, ba na fuskar jariri ba ne, balle hancinsa.

Yanzu ga maganar da ta fi ta kyan fuska nauyi. Mai yana shiga zane da matashin kai da bargo, tufar da ta sha mai kuwa tana kama wuta da sauri, kamar lagwani. Wanda ya shafa mai kada ya matsa jikin wuta, kayan shimfiɗa kuma a riƙa wanke su. Kaskon gawayi cikin rufaffen ɗaki ya fi wannan haɗari. Yana ƙara busar da iskar ɗakin, amma wannan ƙaramin abu ne: gawayi yana fitar da wata iska marar wari marar launi wadda take kashe mutum cikin barci. A ji ɗumi, a fitar da kaskon waje, sa'an nan a kwanta. Shan ruwa isasshe yana da kyau ga jiki, ko da yake shi kaɗai ba ya gyara busasshiyar fuska.

Akwai kuma man da ake tallarsa a kasuwa ana cewa yana sa fata laushi da haske. Hasken nan shi ne tarkon. Da yawansu suna ɗauke da sinadarin makuri, ko haidirokwinon, ko maganin kumburi mai ƙarfi wanda likita kaɗai ya kamata ya rubuta. Suna sa fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, rauni ya ƙi warkewa, makuri kuma yana lalata ƙoda. A 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana shafe-shafen bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa ga ƙasa duka. Abin baƙin ciki, har iyaye mata suna gauraya man bututu na kemis cikin man jarirai. Fuskar da aka yi wa haka ita ce ta fi kowace shan wuya a hunturu.

Wata 'yar'uwa za ta ce, ashe wannan duka ba son ado ba ne, wanda Bitrus ya gargaɗi mata a kansa? A ganina ba haka ba ne. A Matiyu sura 6, sa'ad da Ubangiji yake koyarwa a kan azumi, ya ambaci shafa mai da wanke fuska a kan abin da mutum yake yi kowace rana, har ya umarci mai azumi kada ya bari. Rufe tsagar da ƙwayar cuta za ta bi ta shiga jikin yaro kiwon lafiya ne. Canza launin da Mahalicci ya ba mutum, wannan wata magana ce.

A ƙarshe, ba kowane fari a fuska ba ne na hunturu. Yara da yawa sukan yi ɗan fari-fari a kumatu da rani, wanda yakan dushe a hankali in ana shafa mai. Amma in wurin yana tsattsafo da ruwa, ko ya yi ɓawo ruwan zuma, a kai yaron asibiti. In kuma tabo ne mai haske wanda ya ƙi tafiya, ba ya ƙaiƙayi, aka taɓa shi da auduga mutum bai ji ba, kada a ɓoye, kada a tsaya shafa mai. Yana iya zama farkon kuturta. Ikkilisiya ta san ciwon nan tun zamanin da 'yan mishan na SIM suke jiyya a Yadakunya kusa da Kano. Yau ana warkewa sarai da ƙwayoyi na wata 6 ko 12, kuma tun 1995 kyauta ake ba da su. Wanda ya je da wuri, yatsunsa da idanunsa suna nan lafiya.