Haruffan da Waya Ke Zuwa da Su

Yau shirin namu na musamman zai leƙa cikin waya da kwamfuta, mu ga abin da ake zuba musu tun daga kamfani, kafin mai shago a kasuwar Sakkwato ya yage leda ya miƙa maka.

Kowace na'ura da babbar manhajar da ke tafiyar da ita, ko Windows, ko Android, ko ta Apple. Can a ofisoshin kamfanonin akwai masu zama su yanke hukunci: wane salon haruffa zai shiga, wane allon rubutu, da wane harshe za a rubuta bayanin amfani. Abin da suka tsallake, sai dai ka sayi data ka sauko da shi, kuma ba kowa ne ma ya san akwai shi ba.

A ɓangaren boko an samu sauƙi. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, tun shekarun 1930 suka zauna a rubutu, zamanin Hukumar Talifi ta Zariya. Yau Windows na zuwa da allon rubutun Hausa, Gboard na waya ma na da shi. Duk da haka, shiga shagon buga takardu ka ba da aikin katin ɗaurin aure. Yaron zai zaɓo salo mai ado, ya buga "manyan baƙi", sai ƙ ɗin ta fito da wata kama daban, ko ɗan akwati ya tsaya a gurbinta. Ba zai ɓata lokaci ba, goge ta zai yi ya sa k. Haka katin zai fita, ana gayyatar manyan baki.

Inda gizo ke saƙar shi ne ajami. Sakkwato, garin da Muhammadu Bello ya gina a 1809, garin da Nana Asma'u ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, har gobe almajiransa da ruwayar Warshu suke karatu. A allonsu, fa ɗigo ɗaya gare ta a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. To, salon Larabcin da waya ke zuwa da shi na Gabas ne: fa ɗigonta a sama, ƙaf ɗigo biyu. Ka ga ke nan, abin da waya ta nuna a matsayin fa, idon da ya tashi a tsangaya ƙaf yake gani.

Ba wai ba a yi aiki ba. Ƙungiyar Unicode, mai ba kowane harafi na duniya lambarsa, ta shigar da fa da ƙaf da nun irin namu a 2016, ta ƙaro wasu haruffan ajamin Hausa a 2020. Ƙungiyar SIL kuma ta ƙera salon Alkalami, wanda ya kwaikwayi hannun marubutan Kano, da wani mai suna Harmattan, duka kyauta. Sai dai ba sa zuwa cikin Windows, nemo su ake yi.

Hujjar kamfanoni ita ce wuri da nauyi. Da ita Microsoft ya kwashe salo-salon Larabci irin su Traditional Arabic da Sakkal Majalla daga ainihin Windows 10 a 2015, ya mai da su na ganin dama. Ni dai hujjar ba ta gamsar da ni ba, don Alkalami bai kai nauyin hoton biki ɗaya ba, ga kuma wayoyi na zuwa maƙil da manhajojin da ba wanda ya roƙa.

Ana iya shawo kansu kuwa. Wasu 'yan'uwa biyu Fulanin Gini, Ibrahima da Abdoulaye Barry, sun ƙirƙiri rubutun Adlam a 1989. Suka yi ta bibiya har Unicode ta karɓe shi a 2016, Microsoft kuma ya sa shi cikin salon Ebrima na Windows a 2019. Jama'arsu na rubutu da shi, kamfani ya gani.

Mu kuwa, tarin rubuce-rubucen da ke Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko an ɗauki hotonsu, kwamfuta hoto kawai take gani. Sai malamai da ɗalibai sun zauna sun buga su harafi-harafi kafin mai ƙidaya a kamfani ya san akwai masu buƙata.